Haƙora Huɗu Masu Jan Farce

Akuya ce ta yi ɓarnar, amma Baiwa ba ta taɓa ɗora mata laifi ba. Ita da hannunta ta ajiye kwanon kunun tsamiya a kan turmi, dab da kwamfutar, ta tashi ta je juya shinkafar da ta shanya. Kafin ta waiwayo akuyar ta tura kai cikin kwano, kwano ya kife, kunu ya bi tsakanin madannai ya shige ciki. Yarinyar da ke magana a gilashin ta tsaya cak da baki a buɗe, sannan komai ya yi baƙi.

Kwamfutar ta 'yarta ce ta fari, Ɗayyaba, wadda zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke shekara biyu da suka wuce, wata guda bayan ta gama karatu a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi. Ni ne nake faɗin sunan, don Baiwa ba za ta faɗa ba. A gidansu na masunta a Argungu, mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta ma yarda a kama ta tana kallonsa. Baiwa kuwa ta riƙe wannan kunya fiye da yadda aka nema. Ana yaye yarinyar aka kai ta Gulma wurin kakarta, shi ya sa in magana ta kama dole sai Baiwa ta ce "'yar Gulma". Ita kuma yarinyar ta tashi tana jin ƙannen uwarta suna ce wa Baiwa Adda, sai ta bi bakinsu. Ƙannenta maza biyu da aka haifa daga baya su ma suka bi bakinta. Haka Baiwa ta haifi 'ya'ya uku, ta kasance Adda a cikin gidanta.

Kwana kaɗan kafin ciwon, yarinyar tana shirin tafiya bautar ƙasa, ta zauna a bakin ƙofar ɗaki da kwalbar jan farce, ta ɗora kwamfutar a cinya.

"Adda, zan bar miki ita, akwai karatun Alƙur'ani ciki, ki riƙa saurare. Ba sai kin iya boko ba, ja za ki bi. Wanga mai ɗigo guda, ki danna sau guda. Mai ɗigo biyu, sau biyu. Sai mai ukku, sai mai huɗu, ki komo mai ukku, ki danne babban ga na gehe."

"Ni mi zan yi da shi?" in ji Baiwa, tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba. Amma kunnenta ya kwashe lissafin tsaf.

Bayan sadakar arba'in ta buɗe. Ta bi ja kamar yadda aka ce, ta ji karatun, kuma wajen laluben yatsa ta faɗa kan wani abu da ba a yi mata bayaninsa ba. Bidiyo ne na minti goma sha ɗaya. Yarinyar ta ɗauki kanta a tsakar gidan nan tana gwajin jawabin da za ta yi a gaban malamanta, da Turanci, Baiwa ba ta jin ko kalma guda. Can wajen tsakiya sai ga wata mata ta gitta ta bayanta da kwando a ka, fuska a ɗaure, ido a gaba. Yarinyar ta daina magana, ta juya ta bi matar da kallo har ta shige madafa, ta juyo tana murmushi, ta nemi inda ta tsaya ta rasa, ta kwashe da dariya. Matar mai kwando Baiwa ce. Ranar ta san sarai ana kallonta, kuma ta ƙi waiwayowa.

Tun daga nan kowace la'asar, in mijinta Maiwada ya fita bakin gulbi gyaran komar kamun kifi, sai ta ciro kwamfutar daga ƙarƙashin gado ta zauna. Ba ta gaya wa kowa abin da take kallo ba. Kewar yarinyar ce ke cin ta, kewar da ba ta da bakin faɗa, tunda wanda bai kira ɗa yana raye ba, da wane suna zai yi kukansa?

Ranar da kunun ya zube, Sharifa, ƙanwar Maiwada kuma mai akuyar, ita ta fara shigowa da jin salati. Sharifa irin matan nan ne da ba su taɓa jin wata matsala sun ce ba su san maganinta ba.

"Kar ki kunna! Shinkahwa aka sa su ciki, ita ka tsotse ruwan. Na gani ga waya."

To, in dai shinkafa ce, an zo gidanta. Sana'ar Baiwa ke nan tun tana budurwa, ta sayi shanshera, shinkafa mai ɓawonta, daga manoman fadama, ta jiƙa, ta turara a babbar tukunya, ta shanya, a kai inji. Sai dai Sharifa ba ta ce wace iri ba. Baiwa ta dubi busasshiyar da ke buhu, ta dubi wadda ta sauke daga wuta da hantsi, mai ɗumi, mai ƙamshi, ta ga ai mara lafiya ɗumi ake nema masa. Ta haƙa rami a tsakiyar mai ɗumin, ta kwantar da kwamfutar, ta rufe, ta lulluɓe da buhu biyu don kada iska ta shiga. Kwana uku tana zagaya wurin kamar mai jinya. Da ta tono ta, jikinta duk gumi, tana warin tsami, ta danna ta ƙi ko tari.

Ranar Litinin suka shiga mota ita da Sharifa zuwa Birnin Kebbi, kwamfutar a naɗe cikin sabon zane a kan cinyarta. Daga tasha keke napep ya kai su wani layin shaguna a hanyar Gesse, inda aka ce akwai wani Dikko mai gyaran laftof. Dogo ne siriri mai gilashin ido, shagonsa bai fi ɗakin girki ba, gawarwakin kwamfutoci jibge har rufi. Ya kwance kusoshin baya, ya ɗaga murfin, sai ƙwayoyin shanshera suka zubo masa a kan tebur. Ya ɗauki guda ya murza, ya shinshina.

"Hajiya, dahwa ta kunka yi?"

Sharifa ta yi farat ta ce ita dai busassa ta ce, alhali ba ta ce ba. Dikko ya yi dariya har sai da ya cire gilashi, sannan ya juyo musu da cikin ya nuna da bakin sukudireba. Wurare da yawa sun yi kore-kore kamar gindin randa.

"Tsamiya ta ci nan, tururi ya ƙarasa nan. Batir ya tahi, hwanka ta tahi, kibod kam ba a magana. Amma bod ɗin, uwar abin ke nan, ina ga in na wanke shi zai tashi. Abin da ke ciki yana nan in Allah ya so."

Ya jawo wata 'yar takarda da zai manna a jiki.

"Sunan mai ita?"

Baiwa ta dubi ƙasa. Sharifa ta ce, "Ɗayyaba Maiwada. Ta rasu."

Dikko ya yi addu'a, ya rubuta, ya ɗan dubi Baiwa ta saman gilashi. "Ta hwari ta?" Sharifa ta ce ita ce. Ya gyaɗa kai. "Ni ma ɗan hwari na, Dikko ba sunana na ba. Abdulmuhaimin anka raɗa min. Tsohuwata ta ƙi hwaɗi, ta ce Dikko, shi ke nan ya bi ni har ga allon shago." Ya ce su dawo bayan mako guda.

Baiwa ba ta yi maganar jan farce ba. Ko kaɗan bai zo mata a rai ba. A wurinta ɗigon nan jikin kwamfutar ne, kamar yadda zanen fuska yake jikin mutum, ba abin da za a ce a kula kada ya ɓata.

Makon ya yi mata tsawo. La'asar ta yi, hannunta ya kai ƙarƙashin gado ya dawo wayam. Ta ƙone tuwo sau biyu. Ta gwada tuno dariyar da ka, sai ta ga tana tuna yadda bakin ke buɗewa amma sautin ba ya zuwa, wannan ya tsorata ta ƙwarai. Ranar da mako ya cika Sharifa tana da bikin suna a Augie, don haka Baiwa ta tafi ita kaɗai, karo na farko a rayuwarta da ta shiga motar Birnin Kebbi ba rakiya.

Ta tarar da Dikko yana jin daɗin kansa. Ya goge kwamfutar tana sheƙi, ya lissafa mata abin da ya canza, batir sabo, fanka sabuwa, wani ɗan abu ƙanƙane a jikin bod da ya ce sai da madubi ake ganinsa, da kibod fil daga leda. Ya danna, gilashi ya kawo haske, 'yar akwatin nan da ake rubuta makulli, wato kalmar sirri, ta bayyana. Ya juyo mata da ita.

"Bisimilla, Hajiya. Sa makullin."

Ta miƙa yatsa, sai yatsan ya tsaya a iska. Haƙoran, yadda take kiran madannan, sun jeru baƙaƙe ƙirin, kowanne da farin rubutunsa, kowanne kamar ɗan'uwansa. Babu ja ko na magani.

"Ina jan?"

"Wane ja?"

"Jan da ta sa. Guda, biyu, ukku, huɗu."

Dikko ya tuna. Ya ga ɗigon lokacin da yake cirewa, ya ɗauka ƙazantar ɗalibai ce. Baiwa ta ce bari ta gwada, ai shekara biyu tana yi. Ta danna inda take zaton nan ne, akwatin ta girgiza kai. Ta sake, ta sake girgizawa. Ashe duk kwanakin nan idonta bai taɓa koyon wuri ba, ja kawai yake bi. Ta kai hannu na uku, Dikko ya tare da tafin hannu.

"Dakata, Hajiya, kar ta kulle kanta. Wagga irin, abin da ke ciki duk da makullin ga anka ɗaure shi. Ina iya hwasa ta in yi miki sabuwa, amma ba za ki iske komi ba."

"Komi?"

"Komi."

Ta zauna a kan bencin ba tare da ta yi niyya ba. Wato an tashi gawar kwamfuta, an bar yarinyar a kulle a ciki, ita tana waje. Ta tambaye shi ina tsohon kibod ɗin. Dikko ya sosa ƙeya ya ce 'yan gwangwan sun zo ranar Laraba sun kwashe tarkace. Sai kuma ya yi tsam, ya durƙusa ƙarƙashin tebur, ya jawo wani babban gwangwanin madara. Ya ce shi ɗabi'arsa ce, kafin ya yar da kibod sai ya ɓalle haƙoran ya wanke su da sifirit ya tara, saboda masu zuwa da giɓi guda. Ya girgiza gwangwanin. Na shekara shida ne a ciki, sun fi dubu, kuma sifirit ba ya shiri da jan farce.

"Ara min faifai," in ji Baiwa.

Babu faifai a shagon laftof. Ya leƙa maƙwabta ya karɓo tiren mai shayi. Baiwa ta sauka daga benci ta zauna a ƙasa, ta miƙe ƙafafu, ta gyara mayafi, ta ce ya zuba kaɗan-kaɗan. Ta baza su da bayan hannu, ta riƙa janyowa da yatsu uku, tana ture waɗanda ta duba gefe guda, daidai yadda take tsince tsakuwa daga shinkafa. Nan kam Dikko ya koma ɗan kallo. Idon da ke gano tsakuwa mai launin shinkafa a cikin mudu hamsin, ja ba zai ɓuya masa ba.

A zubi na huɗu ta ciro mai ɗigo biyu. Jan ya kode ya koma ruwan hoda, amma yana nan. Ta riƙe shi a tafin hannu ta daɗe tana kallo, don hannun yarinyar ne ya ɗiga shi, har da inda burushin ya ɗan zame. Mai ɗigo guda ya fito bayan an yi azahar. Mai uku ya maƙale a cikin wani, sai da ta raba su da farce. Dikko yana karɓa yana jerawa a tebur. Ya tambaye ta yadda ake danna su, ta faɗa masa ba ta ɗago ba, ya rubuta a bayan takarda. Ya ajiye biro yana ta kallon abin da ya rubuta, amma ita hankalinta yana kan tire.

Gwangwani ya ƙare, mai huɗu bai fito ba.

Ta sake bin tulin daga farko, babu. Baiwa ta ce a ranta, in launi ya tafi, tudun ba zai tafi duka ba, don ta sha jin su ƙarƙashin yatsa. Ta rufe ido ta shiga shafa su ɗai-ɗai da babban yatsa. Ta ware wasu masu ɗan tudu a ƙasa, Dikko ya ce waɗannan haka ake ƙera su. Ta ci gaba. Masu kabu-kabu suna ta wucewa a waje, mai shayi ya leƙo neman tirensa Dikko ya kore shi da hannu. Wani mai kawo gyara ya tsaya yana kallon matar da ke zaune a ƙasa ido rufe tana laluben tarkace, ya yi tambaya da ido. La'asar ta kusa lokacin da yatsanta ya tsaya. Ƙurji huɗu ƙanana, biyu sama biyu ƙasa, ba launi ko kaɗan. Ta miƙa masa tun kafin ta buɗe ido.

Dikko ya duba harafin, ya duba takardarsa, bai yi mamaki ba. Ya ɓalle sababbi huɗu daga kibod ɗin da ya gama yabo ɗazu, ya dasa tsofaffin a gurbinsu, kowanne ya shiga da ɗan ƙas. Ya tura mata kwamfutar. Guda. Biyu, biyu. Uku. Huɗu. Uku. Ta danne babban na gefe. Akwatin ta ɓace, gilashin ya buɗe, ga komai a inda ta bar shi.

Baiwa ta sauke numfashin da ta riƙe tun mako guda. Ta fara godiya tana sa albarka, tana jawo zane za ta naɗe, sai Dikko ya ce, murya ƙasa-ƙasa:

"Hajiya, kin san abin da kika rubutawa kullum?"

"Ni ban yi boko ba, ɗan nan. Lamba ta ba?"

"Ba lamba ta ba. Magana ta."

Ya juyo takardar, ko da yake ya san ba za ta karanta ba. Ya ɗora bakin biro a kan haƙoran yana bin su a hankali yadda ta danna, yana haɗa sautin kamar mai koya wa yaro. Da ya kai ƙarshe ya faɗe ta gaba ɗaya.

"Innata."

"Na'am," in ji Baiwa.

Bakinta ne ya amsa tun kafin kanta ya gane. Da ya gane, sai ta dafe tebur. Shekara ashirin da huɗu yarinyar nan tana ce mata Adda, ko sau ɗaya ba ta kuskure ba, ko a gadon asibiti. Ashe kowace safiya a makaranta da wannan take buɗe aikinta. Da za ta tafi kuma ta rasa yadda za ta faɗa, sai ta ɗiga shi da jan farce ta sa a hannun uwar, ta bar ta tana rubuta shi da yatsanta sau ɗari bakwai da wani abu ba ta sani ba. Kuka ya zo mata irin wanda ba ta yi ba ranar jana'iza, don ranar ma mutane na kallo kuma ta fari ce.

Dikko ya cire gilashi ya goge da bakin riga. Ya ɗauki tire ya ce bari ya mayar wa mai shayi, daga can zai yi salla. Ta ga ya ciro waya daga aljihu yana fita, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon wata lamba, wataƙila ta tsohuwarsa, sannan ya jawo mata labule.

Ita kaɗai a shagon, Baiwa ta share fuska da mayafi, ta laluba ta kunna bidiyon. Ga tsakar gidanta, ga turmin, ga yarinyar tana zuba Turanci tana kaɗa hannu. Ta jira. Matar mai kwando ta gitta da ɗaurarriyar fuskarta, ta shige madafa ba ta waiwayo ba. Yarinyar ta bi ta da kallo, ta juyo tana murmushi, idonta ya faɗo daidai cikin na mai kallo.

Baiwa ta matso da fuska kusa da gilashin. Sunan ya yi mata nauyi a harshe, sai da ta gwada sau biyu kafin ya fito.

"Ɗayyaba," ta ce. "Ga ni."